Tukwane Bakwai a Tagar Gudveig

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarta,
Gudveig ta danƙa min mabuɗi a tafin hannu.
Ta ce, "Torleif, ba ni da kyanwa, ba ni da tsuntsu,
tukwane bakwai ne a taga.
Kada ka nutsar min da su."

Ni da na yi shekara arba'in a jirgin kamun kifi,
na san igiya, na san ƙugiya, na san fushin teku.
Ganye kuwa, sai a kwano muke gaisawa.

Nuwamba ce a Tromsø.
Rana ta yi wa gari sallama, wata biyu ko aike,
tsakar rana ta koma ƙanwar magariba,
ƙanƙara ta hau kan motoci ta yi zamanta.
Amma a kicin ɗin Gudveig akwai doguwar fitila
da ta rataya da zaren taru,
ita ce ranar tukwanen:
a kunna ta da asuba, a kashe bayan awa sha huɗu,
don ganye ma yana son barcinsa.

Ta manna takarda a jikin firji,
rubutu kamar sawun kaza:
"Na'ana'a ba ta da kunya, kada ka haɗa ta da kowa,
za ta cinye gidan maƙwabta.
Lawashi ka yi masa aski, ya fi tsiro in an taɓa shi.
Tayim ka manta da shi kawai.
Ɗoɗɗoya kuwa,
tsoma yatsa a ƙasarta tukuna.
In ka ji danshi, juya ka tafi."

Ban tsoma yatsa ba.
Na ga ta sunkuyar da kai, na ce ƙishi ne, na zuba.
Washegari ta ƙara sunkuyawa, na ƙara zubawa.
Kwana tara ina yi mata alheri
har kara ya yi baƙi daga gindi,
ƙananan ƙudaje suka tashi daga tukunyar kamar hayaƙi.
Mutumin da teku ya kasa nutsarwa
shi ya nutsar da ganye da butar shayi.

Na sa takalmin ƙanƙara na gangara kanti,
na sayo wata, kore shar, a cikin roba,
na dasa, na danna ƙasa, na goge bakin taga
kamar ɓarawo mai share sawunsa.

Ta dawo a Janairu, da sanda da sabon ƙugu.
Ko riga ba ta cire ba ta nufi taga.
Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci.
Shiru.
Har ina jin firji yana numfashi.

"Wannan baƙuwa ce," in ji ta.
"Tawa, 'yata ta kawo min irinta daga kudu,
shekara shida ina yankar reshe ina tsomawa a ruwa,
uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika."

Na rasa inda zan ajiye idona.

Sai ta yi dariya har sandar ta zame.
"Sauka hawa na biyu wajen Oddny,
akwai reshe a gilashi, ya yi saiwa fara kamar gemunka.
Na san hannunka, Torleif.
Ruwa kaɗai ka sani."

Ranar da rana ta leƙo ta kan dutse,
'yan mintuna kawai, kamar mai bin bashi,
mun ci kifi da dankali da ganyen dil,
ita ta yanka, ni na wanke kwanuka.

Yanzu akwai tukunya ɗaya a tagata.
Kullum da safe, kafin kofi,
nakan tsoma yatsa a ƙasa.
Sau da yawa sai in juya in tafi,
butar na hannuna, cike,
tana yi min nauyi.